Randar da Kaka Ta Kai Mini Makaranta

Ranar Alhamis ta ƙarshe kafin babban hutu, ina aji shida na firamare, ita ce ranar da malamai suka ce kowane yaro ya zo da shigar aikin da yake so ya yi idan ya girma. Filin makaranta ya cika da likitocin da farar rigarsu ke jan ƙasa, da sojoji masu bindigar katako. Ni kuwa ina tsaye a gindin mangwaro cikin baƙar kwat ta aro da aka naɗe wa hannu sau uku, da takalmi mai tsini da na cusa wa takarda don kada ya fice, ga kwali a ƙirjina an rubuta ma'aikaciyar banki. Ina cikin wannan ƙasaita sai na hango Kaka ta shigo ƙofar makaranta da randa a kafaɗa. Randata ce, wadda na gina da hannuna.

Kaka mahaifiyar Innata ce, 'yar Gbagyi daga wajen Garam, ta dawo gidanmu a Bagama bayan rasuwar mijinta. Maginiyar tukwane ce, kuma bayan gidanmu ne wurin aikinta. Tun ban iya ɗaura zani ba nake binta rafi haƙo yumɓu, mu dawo mu daka tsingaro mu gauraya, mu tattake da ƙafa har ya yi laushi. Ba ta juya tukunya. Kife tsohon turmi take yi ta ɗora curin yumɓu, sai ta riƙa zagaya shi da baya-baya tana jan bangon sama, har tulu ya miƙe a gabanta. Sauran yara na can suna 'yar gala-gala da carafke, ni ina bayanta ina zagaya nawa ɗan turmin har jiri ya kwashe ni. Babu wanda ya sa ni. Shara da wanke-wanke sai an yi mini tsawa, amma yumɓu ko abinci mantawa nake yi a kansa. Ranar gashi kuwa, idan ta fito da tukunya ja-wur daga wuta ta yayyafa mata ruwan makuba, ta yi cuu, hayaƙi mai ƙamshi ya tashi, ji nake babu wanda ya kai mu a Suleja. Takan kama tafin hannuna ta duba, ta ce da Hausarta mai karkata, "Ƙawata, wannan hannun na yumɓu ne."

Tana da wani ɗan dutse baƙi mai sulɓi da take goge tukwane da shi, na uwarta ne, uwar ma gada ta yi. Da na gama randata ta farko, na yi mata zane da totuwar masara, ta fito daga wuta ba tsaga, sai Kaka ta ba ni dutsen na riƙe, ta ce idan na gama firamare ya zama nawa. A makon ne aka sanar da bikin makaranta. Da bakina na ce mata a maginiya zan je, na roƙe ta ta kai mini randar tunda ta fi ƙarfina.

Sai ga Anti Bilki. Bakanuwa ce da ta kama haya a ɗakin ƙofar gidanmu, tana aikin banki a Abuja. Kullum da sassafe ƙwas-ƙwas ɗin takalminta ke wucewa, ƙamshin turarenta ya daɗe a zaure. Ita kaɗai ke da firji a gidan. Ba muguwa ba ce, kada in ɗora mata laifina. Ta dai gan ni da yumɓu har gwiwar hannu, ta tambayi nawa ake sayar da tulu, na gaya mata, ta yi dariya ta ce bai kai kuɗin motarta na zuwa da dawowa ba. "Ga ki da ƙwaƙwalwa, Talatu. Me za ki ci a tukwane yanzu da kowa ya koma roba?" Gaskiya ta faɗa, don ina gani Kaka na dawowa daga kasuwa da rabin kayanta. Na ari kwat, na ari takalmi, na yi shiru ban gaya wa Kaka ba. Na ɗauka za ta manta.

Ba ta manta ba. Ta sa zaninta na zuwa biki, ta wanke randar, ta ɗauko ta a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, don su ba sa ɗora kaya a ka. Wannan ɗaukar ce yara suka fara yi wa dariya. Ta ratsa su har gindin mangwaro, ta sauke randar a gabana tana haki, ta dubi kwat ɗin, ta dubi takalmin. Wata 'yar ajinmu mai shigar lauya ta tambaye ni wace ce wannan. Na ce, "Wata mai kawo mana tukwane ce." Ban ma rage murya ba. Kaka ta ji sarai. Ta goge bakin randar da gefen zaninta, ta sake saɓa ta, ta ce, "To, 'yammata, a gaida mutanen gida." Ta juya. Ni aka ba kyautar shigar da ta fi kyau, littafin rubutu guda biyu.

Na jira duka a gida, ko faɗa, ban samu ba, kuma da an doke ni da ya fi mini sauƙi. Ko Inna ba ta gaya wa ba. Ta kafa randar a ƙofar ɗakinta, daga ita take shan ruwa har ta koma ga Allah. Ba ta daina ce mini ƙawata ba, sai dai ba ta ƙara tashina zuwa rafi ba, ni kuma kunya ta hana ni bi. Na yi ta cewa gobe zan ba ta haƙuri, har na tafi makarantar kwana. Ngozi, 'yar masu shagon kayan gini da ke haya a gidanmu, ita ta gaji turmina. Da dariya nake yi mata, don tulunta kullum a karkace yake fita.

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin banki. Ina da firji, na gina wa Inna ɗaki, 'ya'yana suna makaranta mai kyau, kuma ba zan yi ƙarya in ce kuɗin ba su yi mini rana ba. Amma ban taɓa manta abinci saboda aikin nan ba, agogo nake kallo. Bayan gidanmu an yi ɗakunan haya, ramin gashi ya zama wurin ajiye janareta. Ngozi na nan bakin titin Abuja tana sayar da tukwanen furanni da 'yan randuna, ba ta yi arziki ba, kuma kullum motarmu ta zo wucewa sai in sunkuyar da kai kan waya.

Bara dai na daure na sauka. Ta rungume ni tana "Madam banki, yau an tuna da mu!" Dutsen Kaka na gefen turminta, ya ƙara sulɓi. Na tambaye ta ko Kaka ta taɓa yi mata maganata. Ta ce, "Sau ɗaya. Ranar da ta ba ni dutsen ta ce, hannun Talatu ya fi naki, amma ke kika tsaya."

Na sayi tulu ɗaya ban nemi ragi ba. Da na zo ɗauka sai na tsinci kaina na saɓa shi a kafaɗa, da kwat ɗina da komai, mutane na kallo. Abin da ya kamata in yi tun a gindin mangwaro ke nan, sai dai wadda na so ta gani ba ta nan.