Odar Yaya Sanusi

Daga Maradi

Na bar gida bayan sallar asuba. Inna ta rako ni zaure tana lalube bango, don idonta ya yi rauni. Saƙo ɗaya ta ba ni.

"Laminu, ka gano mini inda aka kwantar da Sanusi. Kada in mutu ban sani ba."

Sanusi yayana ne, direban kamyo, wato babbar motar kaya. Yana ɗaukar wake daga Matameye, taya ta fashe masa a hanya ya rasu, mutanen wani ƙauye suka yi masa sutura kafin rana ta faɗi. Lokacin ina Aljeriya neman abinci. Kawun da ya je ya ga wurin shi ma ya rasu, abin da ya bar mana kawai shi ne "tsakanin Takyeta da Kance". Da na ji sandika, wato ƙungiyar direbobin Matameye, za ta yi addu'ar tunawa da 'yan uwansu da hanya ta ci, na ce zan je in tambaya.

Na samu motar hiyas a tasha, aka cusa mu har ba wurin motsa ƙafa. A Gazawa jandarma suka duba katinmu. A Tasawa na sayi ƙosai da kunu, na kasa ci, na miƙa wa wata tsohuwa.

Takyeta zuwa Kance

A Takyeta na sauka, jaka uku kuɗin mota. Na koma wata tsohuwar mota mai zuwa Matameye, direbanta Malam Habu, siriri, ba ya son magana. Hantsi ya riga ya ɗaga, ni kuma ina tsoron a tashi taron ban isa ba.

Mun yi nisa sai ya rage gudu, babu shinge, babu dabba a hanya. Daidai wata tsamiya ya kashe rediyo, ya danna oda: gajeru biyu, doguwa ɗaya, sai wata gajera. Ya shafa fuska, ya ci gaba. Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa ya sani.

"Haba Malam! Muna sauri kana yi wa itace oda? Surukarka ce a kan tsamiyar?"

Fasinjoji biyu suka yi dariya. Ya dube ni ta madubi.

"Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Gaisuwa ce."

Na yi tsaki na kau da kai.

Matameye

Mun iso kafin azahar. An share tsakar tasha an shimfiɗa tabarmi, manyan motoci da motocin fasinja sun yi layi a gefe, duk an wanke su. Malamai sun kusa sauke Alƙur'ani. Mata zawarawa suna ƙarƙashin rumfa da 'ya'yansu, ba mai magana da ƙarfi. Wani mai rake ya ajiye wuƙarsa ya zauna cikinmu.

Da aka shafa, sai wani dattijo ya miƙe, Alhaji Mamman, wanda suka ce ya fi kowa daɗewa a hanya.

"Kowane direba da odarsa," in ji shi. "Da ita iyalinsa ke sanin ya iso. Yau za mu kira su, su amsa."

Yana kiran suna, wani direba ya danna odar mamacin daga cikin mota. Wata mata ta ji ta mijinta ta rufe fuska da gyale, ɗiyarta kuwa ta waiga wajen ƙofar tasha. Ban taɓa jin abin da ya karya mini zuciya haka ba.

"Sanusi na Maradi."

Gajeru biyu, doguwa ɗaya, sai wata gajera. Na ɗaga kai, Malam Habu ne a motarsa.

Na bar ƙasa kafin a ba Yaya mota tasa, ban taɓa jin odarsa ba. Na ratsa mutane na isa wajen Malam Habu, kunya ta hana ni duban idonsa.

"Malam, Sanusi uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya riƙe hannuna.

"Ai ɗazu ka wuce shi. Gabas da tsamiyar yake. Ni na fara isa wurin ranar. Duk ɗan tashar nan ba ya wuce shi bai gaishe shi ba."

Na nemi gafararsa, ya ce ba a yi komai ba. Alhaji Mamman ya sauke ni gidansa, aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka, nan ma loma biyu na yi.

Komawa

Washegari Malam Habu ya tsaya a tsamiyar, ya roƙi fasinjoji haƙuri. Tudun ƙasa ne da ya kwanta, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Mai gonar ya bar wurin bai nome ba. Na durƙusa na yi addu'a, na yi kuka kamar yaro.

Na iso Maradi da la'asar, na tarar da Inna a kan tabarma.

"Ka same shi?"

"Na same shi, Inna."

"Akwai inuwa?"

"Tsamiya ce babba. Kuma kullum direbobi na gaishe shi in sun zo wucewa."

"Da me suke gaishe shi?"

Na kwaikwayi odar da bakina. Inna ta dafa ƙasa za ta tashi, fuskarta a ƙofa, yadda ta saba yi in Yaya ya iso bakin layi. Sai ta tuna, ta koma ta zauna a hankali.

"Sake yi," in ji ta.

Na sake.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Habu da direbobin Matameye. Allah ya jiƙan Yaya Sanusi da duk wanda ya bar gida da mota bai dawo ba.