An haska cin abincina a bangon makaranta

Ku matso ku ji, 'yan uwa, yau kunya kamar in nutse a ƙasa.

Kun san autata Hadiza da ke karatun kwamfuta a Bosso. Ta haɗa wani shafin intanet mai lissafa kalori, wato yawan kuzarin da ke cikin abin da mutum ya ci a rana, ta ce in riƙa saka nawa don gwaji. To mu da muke ci a tire ɗaya da jikoki, wa ya san adadin lomarsa? Sai na riƙa saka duk abin da na girka. Shinkafa mudu biyu, tuwo tukunya guda.

Ashe yau za ta nuna wa malamai aikin. Aka haska a bango, ga sunana, ga hotona, ga jan layin yawan cin abincina har sama!

Ɗazu ta kira ni. "Mama, malami ya ce ko dai shafina ya lalace, ko ke kaɗai kike tashi da mudu biyu."

Na ce, "To me kika ce masa?"

Ta ce, "Na ce masa shafina lafiyarsa ƙalau."

Ita ta samu makinta, ni an bar ni da sunan acici. Don Allah, da wane ido zan je bikin yaye su?