Ranar da Na Kori 'Yan Amshin Goggo

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma la'asar ɗin da na kori 'yan amshin Goggo daga ɗaki, ita kam tana nan a raina har in koma ga Mahaliccina. Duk sanda na tuna, kunya ce take fara kama ni, daga baya daɗi ya biyo.

Goggo yayar babana ce. Tana ƙarama iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Hausa da ƙafa don aikin hajji, suka yi shekaru a hanya, da suka iso Madina kuma ba su sake komawa ba. Tun rasuwar mijinta take zaune a gidanmu na unguwar Harra ta Gabas. Zabiya ce, irin waɗanda Larabawan gari suke ce wa daggaga. Ta kusa shekara arba'in tana waƙa a bukukuwan mata kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Mahaifiyata takan ce a zamaninta idan Goggo ta ɗaga murya, amarya ta yi kuka, uwar amarya ta yi kuka, har mai raba shayi sai ta ajiye buta. Ni ban riski wannan ba. Goggon da na sani tsohuwa ce mai carbi da yawan tsokana, mai kiran kowa da "ke 'yar nan".

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne. Ina da shekara ashirin da biyu, na gama kwaleji, kaina sai rawa yake, ina ganin babu abin da ban sani ba a duniya. Hausa ina jin ta sarai, amma da Larabci nake mayar da amsa, kamar yawancin sa'o'ina.

Wata Alhamis yayana ya zo hutu daga Yanbu, inda yake aiki a matatar mai, ya taho da kaset ɗin bidiyo da wani abokin aikinsa ya ara masa. Shiri ne a kan tsofaffin mawaƙa baƙaƙen fata na Amurka, masu irin waƙar da ya ce mana ana kira sol. A yi hira da su kaɗan, sai a nuno su suna waƙa a gaban jama'a. Muka jira Baba ya fita shagonsa na Anbariyya bayan azahar, don ba ya son irin wannan a gida, muka ja labule muka kunna.

Wallahi ban taɓa ganin tsofaffi irinsu ba. Akwai wani dattijo, kai duk furfura, cikin farar kwat, gumi na zuba yana sharewa da tawul, ya runtse ido yana jan kalma ɗaya kamar ba zai sake ta ba. Akwai wata tsohuwa mai jiki, muryarta ta dushe da shekaru amma ta fi ta 'yan mata daɗi, ana cikin waƙa ta cire takalmanta ta yi jifa da su gefe. Ina waiwayowa sai na ga Goggo ta baro shimfiɗarta ta matso har gaban talabijin.

"Esh yake cewa, wannan tsohon?" ta tambayi yayana.

"Wai matarsa ce ta tafi ta bar shi, Goggo."

"Kai dai faɗa masa aka yi ka yarda. Wannan kukan ya fi ƙarfin mace ɗaya." Ta ƙura ido, sannan ta taɓa ni da sandarta. "Ke 'yar nan, duba na ƙasan nan. Kin ga yadda suke amsa masa? Su suke riƙe da shi."

Na ce, "Aiwa, Goggo," amma ban duba ba. Ni fitilu nake kallo, da yadda ake matso da hoto har kan fuskar mawaƙi.

A wannan lokacin akwai abin da ya hana gidanmu sukuni. Maƙoƙon da ya daɗe a wuyan Goggo ya girma har yana danne mata numfashi, likita ya ce dole a yi aiki, kuma ya faɗa mana gaskiya cewa muryarta ba lalle ta dawo yadda take ba. Saura kwana tara a kwantar da ita. Ga shi duk shekarun da ta yi tana waƙa babu ko kaset ɗaya na muryarta, domin a bikin mata ba a shiga da na'urar ɗaukar hoto ko ta murya, wadda duk aka kama da ita sai an fitar da ita. Ina kallon tsohuwar nan marar takalmi sai abin ya faɗo mini: waɗannan an adana su, tamu kuwa za ta tafi asibiti da waƙoƙinta duka a wuya.

Na roƙi yayana ya bar mini kyamararsa, ya nuna mini inda ake dannawa kafin ya koma Yanbu. Na ɗauka sai na sha fama da Goggo. Ina faɗa mata ta ce, "Tunda waccan ta cire takalmi a gaban duniya ba ta mutu ba, ni ma a ɗauke ni. Amma da mayafina."

Muka sa ranar Juma'a da la'asar, washegari Asabar za a kai ta asibiti. Na kalli kaset ɗin nan sau uku ina koyon aiki. Na aro fitila mai ƙarfi a maƙwabta, na rataya zane mai kyau a bango, na ajiye kujera a tsakiyar ɗaki. Ashe Goggo ta aika wa tsofaffin 'yan amshinta ban sani ba. Ana idar da la'asar sai ga su su biyar, kowace da bandirinta a naɗe cikin tsumma. Babbarsu aminiyar Goggo ce, Bahaushiyar Sudan, doguwa mai faɗa, muna kiran ta Khala. Suka wuce kicin kai tsaye suna gasa fatar bandiran a kan wuta don ta ɗame, ana ta dariya da tuna baya.

Suna shigowa ɗaki Khala ta hango kyamarar, ta yi turus. "Esh hada? Wannan idon fa?"

Nan take duk suka ja mayafi suka rufe fuska. Khala ta ce ita tana da 'ya'ya maza da surukai, ba za a ga fuskarta a talabijin ɗin kowa ba, sauran ma suka ce haka. Maimakon in damu, sai na ji daɗi. Dama ina tunanin yadda zan yi da surutunsu. Na ce babu komai, su koma ɗakin Mama su zauna, a rufe ƙofa, kuma don Allah kada wadda ta yi ko tari, ana son sauti ya fita tsaf. Na kashe mukayyif mai sanyaya ɗaki saboda ƙararsa, ga zafin Madina. Na ɗora Goggo a kan kujera, ita da ba ta taɓa waƙa ba sai a zaune a ƙasa. Ta dube ni, ta dubi ƙofar da aka rufe, ba ta ce komai ba. Har yau wannan shirun nata yana ci mini rai. Mace mai shekara arba'in a sana'arta ta bi umarnin yarinyar da ta kalli kaset sau uku, don tana ganin wataƙila haka ake yi a fim.

Na danna, na ɗaga mata hannu. Ta gyara zama ta ɗauko waƙar da ta yi wa iyayenta, wadda take buɗe kowane biki da ita:

"Na baro gida da ƙafa, ina zan sauke kayana?"

Sai ta tsaya. Ɗakin ya yi tsit. Na yi mata alama da hannu ta ci gaba. Ta sake ɗaukowa, ta haɗa da baiti na biyu ba hutu, kafin ta kai ƙarshe muryar ta karye. A karo na uku tari ya sarƙe ta, gumi ya jiƙa mayafin. Ta daɗe tana mayar da numfashi, sannan ta ce a hankali, "Halas, ya binti, kashe abin nan. Ta tafi. Likita ma bai sa hannu ba ta riga ta tafi."

Na ga hawaye ya gangaro mata. Na zo in adana muryarta, ga shi abin da na ɗauka shaida ce ta cewa muryar ta mutu, kuma da wannan baƙin cikin za ta kwanta a gaban likita gobe.

Sai aka banko ƙofa. Khala ce, fuska a rufe, amma ko ta cikin mayafi ka san ranta a ɓace yake.

"Ke wace irin yarinya ce? Baiwar Allah ta yi tambaya har sau uku, an hana a amsa mata?"

Na fara yi mata bayanin sauti da Larabci. Ta katse ni.

"Yi mini shiru da sautinki. Waƙar nan rabi a bakinta take, rabi a namu. A ina kike so ta yi numfashi in ba lokacin da muke amshi ba? Tana da ƙuruciyarta ma a nan take hutawa, balle yanzu da abu ya shaƙe mata wuya. Kashe ta kike so ki yi?"

Ban taɓa tunanin wannan ba, ko sau ɗaya. A nan maganar Goggo ta gaban talabijin ta dawo mini.

Khala ta zaro wani baƙin ɗankwali daga jakarta ta miƙo mini. "Zaɓi ɗaya, ko idon nan ko mu. Kunnensa dai ya ji, ba mu hana ba."

Ba zan ɓoye ba, na ɗan yi jim. Duk burina fuskar Goggo ce a cikin hasken fitila, kamar ta dattijon nan mai farar kwat. Na dubi fuskar da nake son ɗauka, na ga halin da na jefa ta. Da hannuna na karɓi ɗankwalin na ɗaure bakin kyamarar tam.

Kafin in juyo an ture kujerata gefe, an kunna mukayyif, an kashe fitilar aro. Suka sauko da Goggo ƙasa, suka kewaye ta gwiwa da gwiwa, kowa ta yaye mayafi. Khala ta buga bandiri sau biyu ta ce, "Yalla, Hajiya, tambayi."

Goggo ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, tana tsoron kanta. Tsofaffi biyar suka amsa baki ɗaya:

"Sauke nan, kin iso gida!"

Na ga ƙirjinta ya ɗaga, ta ja numfashi mai kyau a cikin amshin nan. Baiti na biyu ya fito da ɗan ƙarfi. A na huɗu kuwa tsigar jikina ta tashi. Murya ce mai kauri, ta dushe a gefe-gefe, amma tana hawa tana sauka yadda ta ga dama. Ta rufe ido, ta yi waƙar rairayin da suka taka, da ƙaninta da aka binne a hanya, da ranar da mahaifiyarta ta hango koriyar ƙubbar masallaci ta zube ƙasa. In ta ja kalma ta kusa gajiya sai su tare ta, in ta huta sai ta dawo da wadda ta fi. Mama ta shigo ta rangaɗa guɗa tana kuka. Matan maƙwabta suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, ba wanda ya kira su, har ɗakin ya cika. Ana cikin haka Goggo ta buɗe ido ɗaya ta saka ni a waƙar, wai ga mai ilimin kwaleji da ta rufe idon na'ura nata ya buɗe. Aka fashe da dariya. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa na shiga amshi ba, kuma ranar ce na fara ɗaga murya da Hausa a cikin mutane. Ba su tsaya ba sai da aka kira magariba.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi, numfashinta ya dawo. Murya kuwa ba ta dawo ba, sai raɗa-raɗa da sai ka matso kake ji. Da yayana ya zo ya kunna kaset ɗin, ya ga minti goma na tsohuwa tana tari a kan kujera, sannan baƙi ƙirin har ƙarshe, dariya ya yi ta yi, ya ce ai wannan rediyo na yi ba fim ba. Amma da waƙar ta kankama sai ya tashi ya fita tsakar gida, ya daɗe bai dawo ba.

Goggo ta ƙara shekara bakwai a duniya. Lokaci-lokaci takan yafuto ni ta ce, "Sa mini baƙin fim ɗina." Sai ta zauna gaban talabijin da ba ya nuna komai. Na lura ba ta bin baitocinta. Shiru take yi har muryarta ta cikin kaset ta yi tambaya, sannan ta motsa leɓe tare da su Khala. Wata rana na ce, "Goggo, ke ce fa zabiyar, me ya kai ki amshi?"

Ta jawo kunnena kusa da bakinta ta ce, "Waccan tana da murya, amma ko ita tana son a amsa mata."

Tun daga ranar nan ta Juma'a ban sake shiga aikin wani da gyara ba sai na tambaye shi yadda yake yin abinsa. Kuma duk gwanin da ya burge ni, ko a fim ko a fili, nakan waiwaya in nemi waɗanda suke riƙe da shi. Su Khala duk sun rasu, Allah ya jiƙansu. Kaset ɗin yana wurina, na sa an mayar da shi faifai. A gidana akwai doka ɗaya da kowa ya sani: idan aka kunna shi Goggo ta tambayi inda za ta sauke kayanta, ba a barin ta ta tambaya sau biyu.