Jarkar Auta a Bayan Kicin

Matso kusa in ba ka labarin wata jarka da ta kusa hana autata gama makaranta.

Shekararta ta ƙarshe a jami'a aka ba ta aikin fitar da sipirit, irin wanda ake goge fata da shi kafin allura, daga baƙin maɗin rake, wato abin da ke saura in an cire sukari. Yajin aiki ya rufe ɗakin gwajinsu, sai ta kwaso kayan zuwa gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi. Ta sirka maɗin da ruwa, ta zuba yis irin na fanke, ta toshe jarkar, ta sa siririn tiyo ya faɗa cikin kwalbar ruwa. Ina tsintar shinkafa ina jin sa, ɓul, ɓul, kamar mai numfashi.

Da farko ƙanshin mazarƙwaila ne. Da ya kwan biyu sai ya juya. Alhaji, maigidana, ya dawo daga masallaci ya tsaya a tsakar gida yana shinshina.

"Auta, me kike dafa mana?"

Ta yi masa bayani, ba ta ɓoye komai ba.

"Wato giya."

"Baba, ba ta sha ba ce. Ta asibiti ce."

"In wani ya sha fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Zai bugu."

Ya ce a tuntsurar a kwata. Na ce, "Alhaji, maɗin nan daga nesa aka kawo shi, in ya zube shekararta ta zube." Ya ce to a zuba kananzir yadda ba mai iya kai shi baki. Auta ta ce yis abu ne mai rai, kananzir zai kashe shi, amma in an tace, dama ana zuba abin da ke hana sha.

Bai ce ya yarda ba. Ya dai ɗauki jarkar da kansa, yana kawar da fuska, ya kai ta shagonsa da ba kowa a Tarauni, ya sa kwaɗo, ya riƙe mukulli. In za ta duba, shi ke buɗe mata. Da aka koma makaranta, a motarsa aka kai jarkar. Auta ta gama lafiya.

Har yau ina juya abin a raina. Rake halal, yis halal, ƙarshensa kuma maganin ciwo. Tsakiyar ce kawai ta tsaya mana a wuya. Kai da a gidanka ne, za ka bari jarkar ta kwana?