Yatsu Biyar na Madam Rahinatou

Kullum bayan la'asar, Madam Rahinatou takan shimfiɗa tabarma biyu a ƙofar gidanta a Zongo, ta fito da kwanduna uku na littattafai: sirara masu hoto, matsakaita, da masu kauri. Shekara talatin ta yi tana koyar da 'yan aji biyu a lakwal, wato makarantar boko, amma aikin tabarmar nan babu wanda ya sa ta. Dokarta ɗaya ce: ranar farko yaro ba ya zuwa sai da uwa ko uba.

Mu iyayen Zongo yawancinmu ba ma karanta Faransanci, kunnenmu kuma ya saba da hadda. In yaro ya buɗe littafi muryarsa na gudu babu gargada, sai mu ce ma sha Allah, ya iya. Haka na yi da ɗana Sagiru. Yakan zubo shafi guda kamar an buɗe famfo, ni kuma ina washe baki, har maƙwabta nake kira. Na je kasuwar Adidogomé na sayo masa littafi mai kaurin bulo, wai ɗana ya wuce na yara.

Yana ɗan shekara goma sha ɗaya Madam ta tsaya a shagona ta saurare shi. Sai ta buɗe masa shafin da bai taɓa gani ba, ta rufe hoton da tafin hannu. Yaro ya kasa karanta ko kalma ɗaya.

"Baban Sagiru, haddacewa yake yi," in ji ta a hankali. "Kawo shi tabarma, mu fara daga kwandon farko."

"Kwandon jarirai? Haba Madam!"

Kunya ta kama ni, ta rikiɗe ta zama fushi, na sauke a kan yaron. Na mare shi a gabanta, na ce lalaci ne, na hana shi zuwa. Ya faɗi jarrabawa sau biyu, ya bar lakwal. Yau zemijan yake tuƙawa, babur ɗin haya. Shekara goma sha takwas ke nan, magana tsakanina da shi ba ta wuce ina kwana. Wannan ciwo ni na jawo shi, kuma har yau yana cina.

Da ƙanwarsa Yasmine ta isa karatu, uwarsu Meimuna ba ta nemi shawarata ba, ta ja hannunta sai tabarma. Ta dawo ta faɗa mini abin da Madam ta ce: "Ba sai kin iya Faransanci ba, kina da kunne, kina da hannu. Duk inda ta yi tuntuɓe, naɗe yatsa ɗaya. In hannu ya dunƙule kafin shafi ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinta, ki canza mata, kada ki zage ta. In ba ki naɗe ko ɗaya ba, ya yi mata sauƙi. Biyu ko uku, shi ne nata. Ki ƙyale ta da shi ita kaɗai, in ta gama ta ba ki labarin da Hausa." Bana Yasmine ta shiga makarantar ungozoma.

Madam, ke ce kika nuna wa masu sayar da koko da direbobin tirela cewa su ma suna da abin yi a karatun 'ya'yansu. Ke ce ba ki taɓa ce wa yaro daƙiƙi ba, sai dai ki ce littafin ne bai zo daidai da shi ba. Uwar masu tuntuɓe, mun daɗe ba mu san darajarki ba.

Yanzu ciwon suga ya cinye idanunta, 'yarta za ta tafi da ita Sokodé ƙarshen wata. Ranar Juma'a na je neman gafara, sai na tarar da babur a ƙofa. Sagiru ne a kan tabarma, gemu da komai, riƙe da littafin da ya fi kowanne siranta. Ashe 'yarsa Asiyatu ce ta kawo masa littafin lakwal ya karanta mata, ya kasa, shi ya sa ya nemo Madam. Yana ganina ya rufe littafin.

Madam ta gane sallamata. "Baban Sagiru, zauna. Sati biyu ya rage mini. In na tafi, wa zai riƙa naɗe masa yatsu?"

Na zauna, na miƙe hannuna na dama, wanda na mare shi da shi. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya fara. Yana ja, yana tsayawa, ina naɗewa.

"Nawa?" in ji Madam da shafin ya ƙare.

"Uku."

"To littafin nasa ne."

Mun gode, Madam. Allah ya saka miki da alheri, ya sanyaya miki duhun nan. Kwandunan suna gidana yanzu, tabarma na nan bayan la'asar. Iyayen Zongo, ku zo da 'ya'yanku, ku zo da hannuwanku a buɗe. Kada ku yi shekara goma sha takwas kamar ni.