Baƙon Gero a Gonar Baba

Ni dai har yau ban san laifin da niy yi ba da anka jefa ni cikin zancen kimiyya. Aji ukku na sakandare nit tsaya, kuma abin da nika tunawa na darasin kimiyya bai wuce sanƙon malamin ba. Kabu-kabuna nika yi tsakanin Tambuwal da Jabo, lafiya lau. Amma da yake ni ad da babur gidanmu, duk wahalar da wani yaƙ ƙirƙiro, bayana taka hawa.

Yayana malamin kimiyya ne a Tambuwal. Wata bazara yaz zo da sabon irin gero, wai mai saurin nuna, tunda ruwa yanzu ɗaukewa shika yi da wuri. Wanda abin yaf fi damu kawunmu ne na Fakku, can ƙasar Kebbe. Gona guda gare shi, 'yar ƙarama, ga ɗiya cike da gida, kuma bara ruwa ya yanke mishi gero na tsaka da fidda kai. Shina son canza iri, shina tsoro. In yac canza bai yi ba, babu wata gonar da za ta rufa mishi asiri.

Yaya yac ce Kawu shi dakata, a gwada a gonar Baba tukuna. A raba ta biyu, rabi irin gado, rabi sabon iri. Shuka rana guda, noma rana guda, taki daidai wa daida. Komi ɗaya, iri kaɗai za shi bambanta.

Wa za shi ja igiya cikin rana? Ni. Wa za shi kafa turaku? Ni. Duk ƙarshen mako in ɗauko Yaya, in tsaya ina kallo shina auna kara kamar tela, fasinja na wucewa bisa titi. Nic ce, "Yaya, wai kimiyyar ga ba ta da inuwa?" Yac ce in riƙe igiya da kyau.

Kaka taz zo. Sabon iri yay yi zangarniya tubarkalla, irin gado kuwa sai a hankali. Anka aike ni Fakku ɗauko Kawu, hanyar ga da ke kwance ma mutum ƙugu. Munka iso, shi da buhunai na ɗibar iri, fuska sai annuri.

Muna zaune zaure Baba yab buɗe baki, da alfahari ma.

"Ai dole shi yi kyau. Ni da jakina mun sha kai mishi takin shanu. Wanda Fulani sunka bari bayan gari, kaf can nij juye shi."

Yaya yad daina taunar gyaɗa. "Baba, wane ɓangare?"

"Na sabon mana. Baƙo ne, bai san ƙasar ba. Namu ɗan gida ne, ya saba da haƙuri."

Ban taɓa ganin mutum ya gaji zaune ba sai ranar. Yaya yas sauke hula yad dafe kai. Ni ko turakuna nit tuna, da rana, da ƙuguna.

"Baba, damina guda ta tafi a banza."

"A banza? Malam, tashi ka leƙa rumbu."

"Rumbu ya cika, amma mi yac cika shi? Iri ko taki? Abin da munka fita nema ke nan, mun dawo ba mu sani ba."

"Kai kullum sani, sani. Sani aka tuƙawa?"

"Da shi aka sanin abin da za a shuka baɗi."

Nic ce, "To a tambayi jakin, shi ma ma'aikacin bincike ne." Babu wanda yay yi dariya.

Kawu yaj jawo buhu kusa. "Ɗana, taƙaice mini. In canza ko in bari?"

Yaya yac ce, "Kawu, ban sani ba."

Nan Baba yah hau faɗa. "Duk karatun ga, ban sani ba? To mi kimiyyar taka ta tsinana?"

"Ta hana ni yi ma Kawu ƙarya da abincin ɗiyanai."

Sunka ci gaba, Baba na rumbu, Yaya na baɗi, har la'asar tak kawo jiki. Ni na riga na hango wata igiyar da wata ranar suna jirana. Sai Kawu yam miƙe yak kakkaɓe riga, yat tura mini buhun.

"Kai ɗan kabu-kabu, zuba mini rabi-rabi, na gado da sabo, ka zo da igiyarka ranar shuka. Ku kuma ku huta hakanan. Gonata za ta faɗa muku gaskiya, don ni ba ni da jaki, ba ni da takin yi ma baƙo kara."