Anti Goge da Fayilolin da Ba Mai So

Kafin mai shara ya gama da matakalar ofis, Anti Goge ta riga ta iso. Takan tura jakarta ƙarƙashin tebur, ta cire takalmi ta zura silifas, ta jona butar shayi, sannan ta tsaya gaban babban allon da ke jikin bango, hannu a ƙugu. Allon cike yake da ƙananan akwatuna, kowanne na wakiltar irin na'ura guda: wayoyin hannu, kwamfutocin ofis, injinan asibiti, har da wasu da sunansu kaɗai ya isa ya sa mutum ciwon kai. Kore na nufin lafiya lau. Ja na nufin wani ya taɓa abin da bai kamata ba kafin ya tashi aiki jiya. In ta ga ja ba ta yin faɗa. Sai ta ce, "To, yau kuma wa ya yi mana aika-aika?" ta ja kujera, shayin ya huce a gefe.

Ofishin nasu manhajar kulle saƙo suke yi. Ita ce ke hana wani ya leƙa hirarka da iyalinka ko sakamakon gwajin da likita ya turo maka. Gwanayen lissafi ne ke ƙera makullin, su ake gayyata taro, su ake ɗauka hoto. Amma makullin ba ya aiki sai an harhaɗa shi ya dace da kowace na'ura, kuma kowace na'ura da irin tata tsirfar. Fayilolin da ke gaya wa kwamfuta yadda za ta yi wannan harhaɗawar su ne aikin Anti, shekara ashirin da ɗoriya.

Ba ta nemi aikin ba. Ranar da aka raba ayyuka, kowa ya sunkuyar da kai da aka zo kan fayilolin, ita kuwa ta fita amsa waya. Da ta dawo ta tarar an rubuta sunanta. Abin da ta gada ya fi kama da ɗakin ajiyar gidan haya: kowace na'ura da fayil ɗinta, kowane fayil an kwafo shi daga wani, kowa ya ƙara nasa ya tafi. A cikin wani fayil akwai layin umarni da aka rubuta a samansa, "Kada a taɓa. Ban san amfaninsa ba, amma ina tsoro."

Da wani ne, da tuni ya tsallake ya wuce. Anti sai da ta bi diddigi har ta samo lambar wanda ya fara sa layin, wani dattijo da ya yi ritaya ya koma kiwon kaji. Waɗanda ke kusa da teburinta sun ji hirar, don a amsa-kuwwa ta sa wayar, kaji na ta kuka a bayansa.

"Baba, layin nan naka, me yake tsarewa?"

Dattijon ya yi dariya har da tari. "'Yata, har yanzu yana nan? Don wata kwamfuta na sa shi, wadda kamfaninta ya rufe tun kafin in aurar da 'yar farina. Goge shi, alhakin a wuyana."

Ta goge. Allon bai ko ƙifta ba. Haka ta riƙa yi, layi bayan layi: ta tambaya, ta gwada, ta sanar, sannan ta cire. Abin da na'urori suka yi tarayya a kai ta tara shi wuri ɗaya, abin da ya bambanta su ta bar wa kowace 'yan layuka kaɗan da bayani a sama cikin harshen da ɗan koyo zai gane. Daga nan sunan ya samo asali. Wani sabon ma'aikaci ma ya ɗauka kiɗa take yi a ƙarshen mako, har ya tambaye ta ko tana zuwa biki.

Shugaban sashensu, wanda kowa ke kira Dogo, ya ce duk ƙarshen shekara sai ya yi gumi a gaban manya. Kowa aikinsa ya ƙaru, na Anti kullum raguwa yake. Maigidanta kuwa, wanda tela ne, ya daina neman ganewa. "In na ce, 'Uwar yara, yau me aka yi a ofis?' sai ta ce ta goge. Gobe ma ta goge. Ni da zan riƙa warware ɗinkin mutane haka, da an rufe min shago."

Amma wanda ya ɗauka gogewa kawai ta iya bai san labarin tsohuwar na'urar ba. Akwai wani akwati a allon da ya daɗe yana ja, na wata na'ura da ba wanda ya taɓa gani da ido. Anti da kanta ta ce lokacin cire ta ya yi, ta kuma fitar da sanarwa kamar yadda ta saba, wai in akwai mai amfani da ita ya yi magana. Shiru. Dogo ya ce ta cire kawai. Ta ce a ɗan ƙara haƙuri, mai irin wannan na'ura ba kullum yake karanta sanarwa ba.

Wata ranar Laraba sai ga wani mutum da kwali a kafaɗa, rigarsa sharkaf da gumi. Mai gyaran na'urori ne a wasu ƙananan ɗakunan shan magani da ke nesa da gari. Na'urar da ke cikin kwalin, wato irin wadda ake shirin cirewar, ita ke tura sakamakon gwajin jini zuwa babban asibiti a kulle, kuma ba a da halin sauya ta nan kusa.

"Hajiya, in kuka daina yi mana, sai dai mu koma aika takarda a hannun direba. Kin san gari ƙarami, kafin takarda ta isa kowa ya san ciwon kowa."

Anti ta ba shi kujera da ruwan sanyi, ta ture kofin shayinta, ta ce ya ajiye na'urar a nan. Makonni ta yi da ita a kan tebur, tana gurnani kamar tsohon firji, abokan aiki na tsokanarta wai ta samo kishiyar fanka. Ba ta bar mata tsohon fayil ɗinta mai ruɗani ba. Sai da ta shigar da ita cikin tsarin bai-ɗaya, ta zama kamar sauran, akwatinta ya koma kore.

Amfanin haka ya fito ranar da gwanayen lissafi suka gano wata kafa a makullin, wadda ɓata-gari zai iya bi ya karanta saƙon mutane. Sun toshe ta kafin hantsi, amma gyaran ba shi da amfani sai ya isa kowace na'ura. A da, wannan aikin kwanaki ne, fayil bayan fayil, ana gyara nan can na ɓallewa. Ranar, Anti ta taɓa wuri ɗaya. Mutanen ofis suka taru gaban allo suna kallon akwatuna na komawa kore ɗaya bayan ɗaya. Na'urar mai gyaran asibiti ce ta ƙarshe, don ba ta da sauri, aka tsaya mata kamar ana jiran tsohuwa ta tsallaka titi. Da ta yi kore aka yi tafi. Anti ta duba agogo ta ce, "Ku tafi cin abinci mana, ko allon za ku ci?"

Anti, ke ce wadda in aikinki ya yi kyau ba wanda ke sanin an yi shi. Ke ce ba ki taɓa cire layin mutum ba sai kin nemi jin dalilinsa, ba ki kuma taɓa barin layi don tsoro kawai ba. Kin jira mutumin da ba ki sani ba, har ya iso da kwalinsa. Mai haƙurin warware ƙulli, ba ki taɓa riƙe sani a cikinki don a riƙa nemanki ba.

A watan jiya ta yi ritaya. Wanda ya gaje ta, wani uban 'ya'ya uku da ake kira Mai Tabarau, ta daɗe tana zaunar da shi a gefenta, tana barinsa ya yi kuskure ya gyara da kansa. Litinin ta farko da ba ta ofis, wajen azahar, sai ga wayarta.

"Ƙanina, lafiya kuwa? Tun safe wayata ke hannuna, ba wanda ya neme ni."

"Lafiya ƙalau, Anti. An samu ja guda ɗaya, na karanta bayaninki na gyara."

Ta yi dariya. "To, madalla. Abin da na yi ta nema ke nan." Har zai ajiye wayar sai ta ƙara da cewa, "Amma dai ku riƙa kira ko don gaisuwa. Maigidan nan ya fara koya min sa maɓalli."

Mun gode, Anti. Allah ya ba ki lafiyar cin hutun, ya saka miki da alheri a madadin dubban mutanen da asirinsu ya rufu ba tare da sun san sunanki ba. Mu kuma da muka rage, kowa ya dubi abin da ya gada a wurin aikinsa, ya bar shi da sauƙi fiye da yadda ya same shi. In kuma akwai irin Anti a inda kake, kada ka jira sai abu ya lalace. Ɗauki waya yau ka gaishe ta.